Tarken Waƙoƙin Sa'adu Zungur a Manhajar Hausa: Sassauci da Ra'ayin Sauyi da Addini a Gwagwarmayar Neman 'Yanci

1.0 Gabatarwa

Waƙoƙin Malam Sa'adu Zungur na daga cikin rubutattun waƙoƙin ƙarni na 20 waɗanda suka daɗe a jerin abubuwan da ake nazari a makarantun sakandare da kwalejojin ilimi da jami'o'i. Galibi akan sanya su ƙarƙashin jigon siyasa ko kishin ƙasa, a kuma gabatar da marubucinsu a matsayin ɗan gwagwarmaya mai tsattsauran ra'ayi, abokin tafiyar Malam Aminu Kano. Wannan bayani yana da ƙamshin gaskiya, sai dai bai cika ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rabon nan gida uku da aka saba yi wa 'yan kishin ƙasa na farko, wato masu sassauci da masu tsattsauran ra'ayi da masu siyasar addini, ba ya iya ɗaukar waɗannan waƙoƙi. Duk malamin da ya cusa su cikin gida ɗaya daga cikin ukun zai zubar da abin da ya fi muhimmanci a cikinsu. Za mu taƙaita nazarinmu a kan waƙoƙi biyu, wato "Maraba da Soja" da "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya", sannan mu kawo shawarwari ga malamai da masu tsara manhaja.

Batun yana da nauyi saboda dalili ɗaya babba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa da Ibo da Yarabanci, ban da harshensa na gida. Saboda haka masu karanta waɗannan waƙoƙi sun haɗa da ɗaliban da ba Hausawa ba, har da 'yan asalin Kudu, waɗanda ɗaya daga cikin waƙoƙin ke magana a kan kakanninsu. Yadda aka gabatar musu da ita shi zai sa su ɗauke ta ko dai a matsayin tarihin ƙasarsu, ko kuwa a matsayin zagi.

2.0 Rabo Gida Uku da Inda ya Dace

Idan ana neman ƙasar da wannan rabo ya zauna mata daidai, to Indiya ce, wadda ita ma Ingila ta mulka. An kafa jam'iyyar Kwangires a 1885, kuma shugabanninta na farko irin su Gokhale sun dogara ne a kan koke da roƙo ta hanyar doka. Bayan da Turawa suka raba lardin Bengal a 1905, sai ɓangaren su Tilak ya nemi a ƙaurace wa kayan Ingila, a kuma matsa wa gwamnati lamba, har jam'iyyar ta dare biyu a taronta na Surat a 1907. A 1906 kuwa aka kafa ƙungiyar Musulmi a birnin Dhaka, domin Musulmi 'yan tsiraru ne a Indiya, suna tsoron rinjayen Hindu. Can gidajen uku a bayyane suke, kowane da shugabanninsa.

A Arewacin Nijeriya lamarin ya sha bamban ta fuskoki biyu. Da farko, Musulmi su ne masu rinjaye a masarautun da ake magana a kansu, don haka ba su buƙaci wata jam'iyya ta daban da za ta kāre su daga maƙwabtansu na cikin gida ba. Na biyu, Turawa sun yi mulki ne ta hannun sarakuna da hukumomin En'e, sarakunan kuwa suna danganta halascin sarautarsu ga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Wanda ya tashi neman 'yanci, ashe gabansa biyu ne: ga Razdan da Di'o, ga kuma sarki da hakimi da alƙali da ɗan doka. Da mai kāre sarauta da mai sukarta duka ga Shehu suke komawa neman hujja. Addini ya zama harshen da kowane ɓangare ke muhawara da shi ke nan, maimakon ya zama gida na uku.

3.0 Tushen Muhawarar: 1903

Wannan hali ya girmi jam'iyyun siyasa. Kano ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a Maris na shekarar. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, sauran jama'arsa suka ci gaba har suka kafa garin Mai Wurno a ƙasar Sudan. Waziri Buhari kuwa ya zaɓi zama, ya kuma rubuta wata risala da Larabci yana bayyana wa malamai hujjarsa ta shari'a, cewa zama da Turawa a zahiri domin tsare addinin jama'a ya halatta. A 1906 mutanen Satiru suka ɗauki makami da sunan Mahadi, aka murƙushe su da taimakon dakarun Sakkwato. Ga amsoshi uku mabambanta, wato hijira da zama da yaƙi, kuma kowace daga littattafan addini aka samo mata madogara. Ɗalibin da ya san wannan ba zai yi mamaki ba idan ya ga bayan shekara arba'in ana kāre sarauta da sunan Shehu, ana kuma sukarta da sunan Shehu.

4.0 Mutanen da Ƙungiyoyinsu

Tarihin Sa'adu shi kansa ya isa misali. Ya taso a gidan malamai a cikin birnin Bauchi, ya yi zurfi a ilimin Arabiyya, ya halarci Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas. A wajajen 1943 yana cikin waɗanda suka riƙa zaman muhawara a Bauchi tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949, yana cikin jami'anta a matsayin mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. Daga baya ya zama jigo a NEPU. Mutum guda ke nan ya zauna a inuwa uku cikin 'yan shekaru kaɗan.

Haka abin yake ga sauran. Shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, Dokta R. A. B. Dikko, likita ne Kirista daga Wusasa ta Zariya, kuma ƙungiyar ta bayyana cewa yaƙinta da jahilci ne da lalaci da zalunci. A ranar 8 ga Agusta, 1950 wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano. A cikinsu akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga lardin Kabba, da mawaƙi Mudi Sipikin, da Maitama Sule wanda daga baya ya koma NPC har ya zama minista. A cikin wannan wata na Agusta ne kuma Tafawa Ɓalewa, wanda ake lissafawa a sahun masu sassauci, ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Arewa yana neman a binciki tsarin En'e a gyara shi, abin da ya ɓata wa sarakuna da dama rai. Sai a 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama cikakkiyar jam'iyyar siyasa mai ɗasawa da sarakuna, aka kuma raba gari da 'yan NEPU. A zaɓen wannan shekara NEPU ta yi nasara a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa wakilanta a tsakiyar tafiya, ya hana ta samun kujera ko ɗaya. Katangar da muke gani a yau tsakanin ɓangarorin biyu a hankali aka gina ta, kuma waƙoƙin da muke nazari sun riga kammaluwarta.

5.0 "Maraba da Soja"

A zahiri wannan waƙa ta maraba ce da sojojin Nijeriya da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, bayan sun yi faɗa a Habasha da Bama ƙarƙashin tutar Ingila. Mai karatu na iya ɗaukar farkonta a matsayin biyayya ga Turawa, domin tana yaba nasarar da aka samu a kan Jamus da Italiya da Japan. To amma a nan dabarar marubucin take. Ya karɓi hujjar da Ingila ta kafa ta yaƙin, wato cewa an yi shi ne domin 'yanci, sannan ya juyo da ita gida: idan jinin 'ya'yanmu ya zuba domin 'yancin wasu, ina namu? Bai tsaya nan ba, sai ya auna 'yancin da halin rayuwar talaka, yana nuna cewa sunan 'yanci kawai ba ya ƙosar da mai jin yunwa.

Ta fuskar harshe, ya kamata malami ya tsaya a kan kalmar "'yanci" ita kanta. Tushenta ɗa ko 'ya ne, wato wanda ba bawa ba. Dokar da ta kawo ƙarshen bauta kwata-kwata a Arewacin Nijeriya a 1936 aka yi ta, kimanin shekara goma kacal kafin waƙar. Masu sauraronta na farko sun san bayi da 'yantattu da idonsu, don haka kiran al'umma gaba ɗaya ta nemi 'yanci yana nufin, a kunnensu, cewa a cikin bauta take. Haka kuma a wasu baitoci marubucin ya yi amfani da ɗafa-ƙeyar "-ci" a matsayin amsa-amon ciki, wadda da ita Hausa ke gina sunayen halaye irin su aminci da talauci da zalunci. Ta haka sautin waƙar ya riƙa haɗa kalmar 'yanci da kishiyoyinta a kunnen mai sauraro. Idan aka tambaye mu gidan da wannan waƙa ta faɗa, sai mu ce lafazinta na masu sassauci ne, buƙatarta kuwa ta masu neman sauyi.

6.0 "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya"

An rubuta wannan waƙa tsakanin ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950, lokacin da ake ta muhawara a kan sake tsarin mulkin Richards. A taron Ibadan na Janairun 1950 wakilan Arewa suka nace sai an ba yankinsu rabin kujerun majalisar tarayya. A waje kuma, Indiya ta sami 'yanci a 1947, masarautunta fiye da 500 suka narke cikin sababbin ƙasashe biyu, aka haɗe Haidarabad da ƙarfin soja a 1948, ƙasar ta zama jamhuriya a Janairun 1950. Tambayar da ke cikin sunan waƙar, wato makomar sarakuna bayan tafiyar Turawa, tambaya ce da ake ganin amsarta ƙiri-ƙiri a wata ƙasa ta daular Ingila a daidai wannan lokaci.

Abin da yakan ba ɗalibai mamaki shi ne amsar da Sa'adu ya bayar. Mutumin da aka ce musu shi ne uban masu tsattsauran ra'ayi, sai ga shi yana fatan Arewa ta ci gaba da zama ƙarƙashin sarakunanta. Amma mulukiyar tasa mai sharaɗi ce. Yana kiran sarakuna su koma ga gaskiya da adalci irin na Shehu, su buɗe ƙofar ilimi, su saurari shawara, yana kuma gargaɗinsu cewa idan sun ƙi, guguwar jamhuriya daga Kudu za ta yi awon gaba da su da talakawansu baki ɗaya. A wani sashe ya jero cututtukan al'umma, kamar karuwanci da daudu da roƙo da bara, yana buɗe ɗango bayan ɗango da kalmar sharaɗi guda, har maimaicin ya zama kamar bugun ganga. Wannan sashe salonsa na waƙoƙin wa'azi ne na ƙarni na 19, kuma ɗan'uwan "Waƙar Bidi'a" ne, inda ya soki al'adun da yake ganin sun saɓa wa sunna.

Kalmomin sunan waƙar su ma abin lura ne. Jamhuriya da mulukiya duka daga Larabci aka aro su, alhali marubucin ya ƙware a Ingilishi. Amsa-amon waƙar na "-ya" ya ba shi damar jera su tare da gaskiya da duniya da Nijeriya. Sauran kalmomin siyasar zamanin ma haka suke: jam'iyya da majalisa da wakili da ƙuri'a da adalci da zalunci duk asalinsu Larabci ne. Kalmar siyasa ita kanta a tsohuwar Hausa tana nufin lallashi ko rangwame, kafin ta ɗauki ma'anarta ta yau. Kirarin NPC "Salama" ne, na NEPU kuma "Sawaba", dukansu daga rumbu ɗaya. Wannan hujja ce ta harshe a kan abin da muka faɗa tun farko, cewa ɓangarorin biyu da kayan aiki iri ɗaya suka yi faɗa.

Daɗin daɗawa, waƙar ba ta wuce ba tare da raddi ba. Mudi Sipikin ya mayar mata da martani da waƙarsa "Arewa Jamhuriya Kawai", inda ya ƙi amincewa da cewa sarauta za ta gyaru. Wannan ya nuna cewa ko a cikin 'yan NEPU ba a taru a kan ra'ayi ɗaya ba game da makomar sarakuna.

7.0 Raunin Waƙar

Tarke na gaskiya ba ya tsayawa a kan yabo. Muna ganin rauni uku a waƙar ta biyu. Na farko, ta jingina kiran gyara a kan tsoron Kudu. Dabara ce mai tasiri a kan sarakuna, amma ta mayar da sauran 'yan Nijeriya dodo, daga bakin mutumin da ya riƙe sakatarcin NCNC. Wannan tsoro ya fito fili a Maris na 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin samun mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a jinkirta zuwa lokacin da ya dace, abin da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu. Ba mu ɗora wa waƙa alhakin tarzoma, amma iskar da ta hura su ɗaya ce. Na biyu, a jerin cututtukan al'umma laifin ya fi sauka a kan marasa ƙarfi, wato mata masu zaman kansu da maroƙa da mabarata, ba tare da an tsananta binciken abin da ya jefa su cikin halin ba, duk da cewa a "Maraba da Soja" marubucin ya nuna ya san illar talauci. Na uku, Arewar da ke cikin waƙar ta masarautun Musulmi ce; al'ummomin Filato da Binuwai da kudancin Zariya, waɗanda suke da nasu koke a kan mulkin En'e, muryarsu ba ta fito ba. Waɗannan abubuwa ba su rage wa waƙar matsayinta na ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙin Hausa ba. Ɓoye su ne zai rage wa darasi daraja.

8.0 Shawarwari ga Malamai da Masu Tsara Manhaja

(a) A riƙa koyar da "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" tare da raddin Mudi Sipikin, domin ɗalibi ya gan ta a matsayin ɓangare ɗaya na muhawara. Za a iya raba aji biyu, kowane ɓangare ya kāre ra'ayin mawaƙi ɗaya da hujjoji daga matanin.

(b) A sanya wa littafin malami taƙaitaccen jadawalin shekaru daga 1903 zuwa 1963. Hanyar feɗe waƙa da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa ta tanadi tarihin marubuci da dalilin rubuta waƙa kafin a shiga jigo da salo, amma a aji wannan mataki ne aka fi tsallakewa. Littafin Ɗandatti Abdulƙadir na 1974 a kan rayuwa da waƙoƙin Sa'adu, da tarin rubuce-rubucensa da A. M. Yakubu ya fitar a 1999, za su wadatar da malami.

(c) A sake duba kalmar "tsattsauran ra'ayi". A Hausar kafofin watsa labarai ta yau ta fi karkata ga masu tayar da ƙayar baya da sunan addini, don haka liƙa ta ga Sa'adu ko Aminu Kano na iya ɓatar da ɗalibi. Muna ba da shawarar "masu ra'ayin sauyi" ga ɓangare ɗaya, da "masu ra'ayin gyara a hankali" ga ɗayan.

(d) A ajin da Hausa take harshe na biyu, kada a tsallake baitocin da suka shafi Kudu. A karanta su, a bayyana halin da aka rubuta su, wato ratar ilimin boko tsakanin yankunan biyu da fargabar da ta haifar, sannan a nemi ɗalibai su kawo abin da marubutan yankinsu suka ce game da Arewa a wannan zamani.

(e) A tambayoyin jarrabawa, maimakon a ce ɗalibi ya kawo jigon waƙa kawai, a nemi ya nuna wanda mawaƙin yake yi wa magana, da abin da yake nema a wurinsa, da hujjar da ya kafa.

9.0 Kammalawa

Sa'adu Zungur ya rasu a Janairun 1958, kafin Arewa ta sami mulkin kanta a Maris na 1959 da kuma 'yancin Nijeriya a Oktoban 1960. A 1963 ƙasar ta zama jamhuriya. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kammala raba sarakuna da ikon zartarwa, ko da yake sarautun suna nan da martabarsu. Ashe ba mulukiyar Sa'adu aka samu ba, ba kuma jamhuriyar Mudi Sipikin zalla ba. A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa sassauci da neman sauyi da addini sun haɗu a cikin mutum ɗaya, wani lokaci ma a cikin waƙa ɗaya. Aikin manhaja shi ne ta ba ɗalibi matanin da tarihinsa da raddinsa, ta bar shi ya auna hujjojin da kansa.